Darasi na Takwas: Haƙƙin Wuri a Wuyan Matafiyi

A wannan darasi za mu duba abin da matafiyi ke bari a bayansa idan ya juya gida: a jikin ƙasa, a halin dabbobi, da kuma a aljihun mutanen da ya iske. Babban misalinmu shi ne gandun namun daji na Yankari a Jihar Bauchi, domin wuri ne da wasunku suka taɓa zuwa, wasu kuma suke da niyyar kai iyali. Amma za mu faro daga hamada.

Bishiyar da ayari ya bari

A hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, kan hanyar Agadas zuwa Bilma, an yi wata bishiya tilo mai ƙaya, dangin bagaruwa, a gefen wata rijiya. Sai a yi tafiya mai nisan gaske ba a ga wata ba. Ta shahara har masu zana taswira suna sa mata alama kamar gari. Shekara da shekaru ayarin gishiri na Abzinawa yana yada zango kusa da ita. Mutanen ayari suna bukatar itacen dafa shayi, raƙuma kuwa ba abin da suke so kamar ganyen ƙaya, amma ba wanda ya ɗora mata gatari. Kowane madugu ya san ita ce alamar ruwa, ya san zai sake biyowa baɗi, ya kuma san akwai wani ayarin a bayansa.

A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, ta faɗi. Gangar jikinta tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, a gurbinta kuma an kafa wata ta ƙarfe.

Ba lallai ne direban ya fi mutanen ayari mugun hali ba. Bambancin shi ne su hanyar tasu ce, shi kuwa wucewa yake yi. Yawancin tafiye-tafiyen wannan zamani irin ta direban ce: mutum ya je wuri sau ɗaya a rayuwarsa, ya kwana biyu, ya ɗauki hoto, ya tafi, ba zai taɓa ganin sakamakon abin da ya yi ba. Masu irin wannan tafiya kuma sun yi yawa. A ƙididdigar hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1950 an yi tafiye-tafiyen yawon buɗe ido daga ƙasa zuwa ƙasa kimanin miliyan 25. A 2019 adadin ya kusa biliyan 1.5. Akwai wuraren da suka kasa ɗauka. A Tailan an rufe wani gaɓar teku mai suna Maya a 2018, bayan jiragen ruwa da dubban baƙi a kowace rana sun lalata murjanin da ke ƙarƙashin ruwan, ba a sake buɗe shi ba sai farkon 2022. Birnin Benis na Italiya ya fara karɓar Yuro 5 a 2024 daga masu shiga yini guda a ranakun cunkoso. Mu ba mu kai nan ba tukuna. Shi ya sa ya dace mu koyi darasin tun yanzu.

Yankari

Gandun Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. Ana shiga ta ƙofar da ke ƙauyen Mainamaji, daga nan a yi tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. Kogin Gaji ne ya ratsa gandun, kuma da rani, idan tafkuna suka ƙafe, a bakinsa dabbobi ke taruwa: ɓauna, gwanki, gwambaza, kanki, dorina da kada. Akwai ragowar zakuna 'yan kaɗan. Akwai kuma giwaye, ɗaya daga cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya, waɗanda ake ƙiyasta ba su wuce 100 zuwa 150 ba.

Abin da ya fi jan mutane shi ne maɓuɓɓugar Wikki. Ruwa ne garai-garai da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wanda ya shiga ba ya son fita. To a nan ne haƙƙi na farko yake. Ruwan Wikki ba tsayawa yake yi ba, gangarawa yake yi zuwa Gaji. Sabulun da aka yi wanka da shi, omon da aka wanke riga da shi, ledar fiya wata da aka jefar a bakin ruwa, duk can suke nufa, inda dabbobi ke sha a lokacin da ba su da wani ruwan. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar da ta saba kiwo a bola. Ledar da ke kashe akuya a gari ba ta ƙyale gwanki a daji. Dokar a nan mai sauƙi ce: duk abin da kuka shiga da shi cikin leda ko roba, ku fito da ledarsa da robarsa. Kada ku ce ai akwai masu shara. Wurin da ke da nisan kilomita 40 daga ƙofa ba shi da motar kwasar shara irin ta birni.

Haƙƙi na biyu ya fi wuyar ganewa, domin kama yake yi da alheri. Masaukin Wikki cike yake da birai, musamman bika, da kuma mugun dawa da ke yawo tsakanin ɗakuna. Yara suna jin daɗin jefa musu biskit da ayaba, iyaye suna ɗaukar bidiyo. Amma bikan da ya saba samun abinci a hannun mutum ya daina jin tsoron mutum. Gobe ba zai jira a ba shi ba, fizgewa zai yi. Jibi zai buɗe ƙofar ɗaki ko ta mota, ya ɗauke jaka. Ranar da ya ciji yaro, shi za a kira mugu, kuma dabbar da ta fara cizon mutane ƙarshenta ba ya kyau. Mai jefa ayabar ya daɗe da komawa gida. Ma'aikatan wurin da baƙin da suka zo bayansa su ne za su zauna da abin da ya koya wa dabbar.

Haka nan batun fita kallo. Ana fita ne da ɗan jagora, a mota, kan hanyoyin da aka shata. Baƙo ya kan matsa wa direba ya ratse cikin ciyawa, ya ƙara matsawa kusa da giwa, ko ya danna oda don zaki ya ɗaga kai. Direba kuma, saboda yana sa ran ɗan hasafi, sai ya ji nauyin ƙi. Kada ku sa shi a wannan hali. Giwa mai ɗa a gefenta ba ta san wasa ba, ta yi wata 22 tana ɗauke da cikinsa. Idan kun yi yini ba ku ga giwa ba, ba a cuce ku ba. Daji kuka zo, ba gidan zu ba. Ku yi wa ɗan jagora alheri saboda ya kiyaye doka, ba don ya karya muku ita ba.

A cikin gandun akwai kogunan Marshal, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da kufan wuraren narka tama. Ba a rubuta suna a bangonsu, ba a ɗauko tsingaro a sa a aljihu don tsaraba. Abin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana nan bai kamata ya ƙare a zamaninmu ba.

Wa ke ciyar da giwa?

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan ne aka fi yin shiru. Yankari ba ta da katanga. Kewaye take da ƙauyuka na manoma da makiyaya. Babbar giwa tana iya cin kilo 150 na ganye da ciyawa a yini. Idan amfanin gona ya nuna, garke ya kan fito da dare ya faɗa gonar dawa ko masara, kafin asuba aikin damina guda ya tafi. Baƙon da ya zo daga Kano ko Abuja ya ga giwa ya yi murna, ya biya kuɗin shiga, ya koma. Manomin da giwar ta kwana a gonarsa bai ga ko sisi daga kuɗin ba, sai dai ya ga kara a kwance. Makiyayi kuma an hana shi shiga da shanunsa inda ciyawa da ruwa suke da rani. A zahiri waɗannan mutane su ne suke biyan wani kaso na kuɗin kallon da muke yi.

Idan ba a gane wannan ba, ba za a gane dalilin da ya sa maharbi ke samun mai ɓoye shi a ƙauye ba. Mutum ba ya gadin abin da ke jawo masa asara. Masu gadin daji suna aiki mai haɗari, wasunsu sun rasa rayukansu a hannun mafarauta, amma bindiga kaɗai ba ta riƙe daji mai wannan faɗi. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniyar aiki da gwamnatin Bauchi a Yankari. Cikin abin da aka yi har da ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, da ɗaukar mutane daga ƙauyukan da ke kewaye su riƙa sa ido suna ba da labari idan garke ya doshi gonaki. Kisan giwaye don haure ya ja baya sosai bayan haka. Abin lura shi ne sai da aka sa ɗan ƙauye cikin aikin.

A Nijar akwai misalin da ya fi wannan fitowa fili. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai kan hanyar Dosso, ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke. Ba a gandu suke ba, a cikin gonakin Zabarmawa suke yawo, suna cin ganyen gawo, suna kuma cin wake da mangwaron mutane. A 1996 guda 49 kacal suka rage. Gwamnati ta tsaurara hana farautarsu, aka kafa ƙungiyar 'yan jagora daga samarin yankin waɗanda ke raka kowane baƙo, wata ƙungiyar kuma ta riƙa haƙa rijiyoyi tana ba mazauna ƙananan basussukan sana'a. Bayan shekara 20 adadin ya kai wajen 600. A 2018 har aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga raƙumin dawa ba.

Ƙasar Ruwanda ta mayar da abin doka. Mai son ganin gwaggon birin tsauni yana biyan Dala 1,500, mutum takwas kawai ake bari su ziyarci iyali guda na biran a rana, kuma sa'a ɗaya tak. Tun 2005 ake ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shiga gandayen ƙasar don ayyukan ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su, a 2017 aka ninka zuwa kashi 10. Ba na ganin ya dace a tsauwala kuɗin Yankari har malamin makaranta ya kasa kai 'ya'yansa, domin yaron da bai taɓa ganin giwa ba ba zai damu da ƙarewarta ba. Amma ware kaso sananne, a rubuce, wanda kowane dagaci zai iya tambayar inda ya shiga, wannan abin koyi ne, kuma abu ne da ɗan ƙasa ke da ikon nema daga wakilansa.

Ina kuɗinku ke kwana?

Kafin doka ta zo, akwai abin da ke hannun matafiyi. Iyali su taso daga birni da mota cike da lemon kwalba, burodi, shinkafa dafaffa da ruwan roba, su sha mai a birni, su je su dawo. In ban da kuɗin shiga, ba abin da suka bar wa yankin sai shara. Wasu iyalin kuma su tsaya a ƙauyukan hanya su sayi zuma, gyaɗa, fura da nono, tabarma ko faifai, su ci abinci a wurin mai tuwo, su ɗauki ɗan jagora. Kuɗin da aka kashe zai iya zama ɗaya, amma na biyun ya kwana a hannun waɗanda giwa ke shiga gonarsu.

Ciniki halal ne, taya kuma al'adarmu ce. Sai dai akwai rashin kyautawa a ce mutumin da bai taya kuɗin mai ko na ɗakin kwana ba ya tsaya yana ja-in-ja da tsohuwa mai faifai har ta sallama a ƙasa da kuɗin kaba, don kawai ta ga rana ta yi kuma ba ta yi ciniki ba. Idan ta ce albarka, ku ƙara. Faifan ya ci mata kwanaki.

Akwai kuma abin da ba a saya ko da an kawo shi da araha: naman daji, fatar damisa ko ta zaki, hauren giwa, ɗan biri a ɗaure, aku a keji. Tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. Mai saye shi ne yake aika maharbi daji, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba.

Mutanen da kuka iske kuma ba kayan kallo ba ne. Waya ta sa kowa ya zama mai hoto, sai ka ga an ɗauki 'yar Fulani mai tallan nono, ko yara a bakin rijiya, ko tsoho a bukkarsa, an sa a Facebook ko TikTok ba tare da an ce musu uffan ba. Wanda ba zai yarda baƙo ya ɗauki matarsa a ƙofar gida ya watsa ba, bai kamata ya yi wa wani ba. A yi sallama, a gaisa, a nemi izini. In an ce a'a, a mayar da waya aljihu. Raba wa yara kuɗi da alewa ta tagar mota ma ba alheri ba ne, yana koya musu tare hanya maimakon zuwa makaranta. Mai niyyar taimako ya nemi shugaban makaranta ko mai gari.

Hayaƙi, da abin da muka riga muka sani

Tafiya kanta tana da nauyi a kan iska. Jiragen sama suna fitar da kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa, wani bincike na 2018 kuma ya ƙiyasta cewa yawon buɗe ido gaba ɗayansa, da sufuri da masauki da abinci da saye-saye, ya kai wajen kashi 8 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama yanayi. Mafi yawan wannan daga ƙasashe masu arziki yake fitowa, ba daga mai hawa bas daga Zariya zuwa Bauchi ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa laifin. Abin da ya rage namu kaɗan ne amma mai amfani: mutum goma sha huɗu a bas ɗaya sun fi motoci biyar, tafiya ɗaya ta kwana huɗu ta fi guda huɗu na kwana ɗai-ɗai.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk alhaji da hajiya sun san mai harami ba ya farauta, kuma ba a sare itacen Harami. A 2023 mutum fiye da miliyan 1.8 suka yi aikin Hajji, kujerun Najeriya kuwa 95,000 ne. Ke nan a kowace shekara dubban mutanenmu suna koyon yadda ake ratsa wuri ba tare da an taɓa tsuntsunsa ko bishiyarsa ba. Abin takaici shi ne yadda robobin ruwa da ragowar abinci ke taruwa a Mina da Arfa. Wanda ya kiyaye itace ya jefar da roba, ya riƙe rabin darasin ne.

Idan baƙi suka daina zuwa

Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƙungiyar 'yan jagora. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa, samarin da suka dogara da rakiya suka rasa abin yi. Agadas ma ta ga irin wannan bayan tawayen 2007, lokacin da jiragen da ke kawo Turawa suka daina sauka, maƙeran azurfa da direbobin hamada suka shiga wani hali, duk da cewa a 2013 UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Garin da ya saki noma da kiwo ya rungumi baƙi kaɗai ya jingina da abin da ba shi da iko a kansa. Baƙon nesa yana gudu da labari guda na rediyo. Wanda ya fi daɗewa yana zuwa shi ne na kusa: ɗaliban makaranta, iyali a hutun sallah, ƙungiyar 'yan kasuwa, ango da amarya. Yankari ta fi dogara da irinku fiye da Bature, don haka halin da kuka je da shi, da wanda 'ya'yanku suka gani a wurinku, shi ne zai fi tasiri a kan ruwan Wikki da biran masaukin.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya hana mutanen ayari sare bishiyar Tenere? Kawo misalin wani abu a garinku da matafiya ke amfana da shi amma mazauna ne ke kula da shi.

2. Bayyana da kalmominka yadda ba bika abinci ke komawa cuta gare shi da kuma ga mutane.

3. Raƙuman dawan Kure 49 ne a 1996, suka kai kimanin 600 bayan shekara 20. Ninki nawa ke nan, a ƙiyasce? Waɗanne matakai ne suka kawo haka?

4. Ku kasu gida biyu a aji. Kashi ɗaya su tsaya a matsayin manoman da giwa ta ci wa gona, ɗayan kuma hukumar gandu. Kowane ɓangare ya faɗi bukatarsa, sannan ku rubuta yarjejeniya mai sharuɗɗa uku da kowa zai iya sa wa hannu.

5. Aikin gida: tuna tafiyar da ka yi ta ƙarshe, ko ta biki ce, ko ta kasuwa, ko ta ziyara. Ja layi a tsakiyar takarda. A dama rubuta duk kuɗin da ka kashe a hannun mutanen garin da ka je, a hagu wanda ka kashe a wani wuri. A ƙasa rubuta ledoji da robobin da ka yi amfani da su, da inda kowanne ya ƙare. Ka zo da takardar a darasi na gaba.